Wuni a hannun likita, kwana a gida

Mu Hausawan da ke zaune a Lalala, a kudancin Libreville, ba mu saba kai cutar ƙwaƙwalwa gaban likita ba. In zazzaɓi ne ko hawan jini ko karaya, kafin ka ce kwabo an tari takasi. Amma in yaro ya fara magana shi kaɗai, sai a tura ƙofa, a yi ƙasa da murya, a aika a kira malam. Haka na taso na tarar a Maraɗi, haka kuma na iske 'yan uwa na yi a nan Gabon, inda na shafe mafi yawan rayuwata ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar Mont-Bouët. Abin da zan ba da labari ya faru ne a gidana daga tsakiyar 2019, kuma sai da na nemi izinin mai abin kafin na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunansa ba. Ɗan fari ne, ko da yana lafiya lau ba ma kiran sunansa.

Shekararsa 21 a lokacin. A nan aka haife shi, Faransanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, yana karatu a Jami'ar Omar Bongo, ranar Asabar kuma ya zo shago ya riƙe mini lissafi. Yaro ne mai sanyin hali, wanda in ka aike shi ba ka sake waiwaya. A cikin ranin nan na Gabon, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da gari ke wuni a lumshe babu rana babu ruwa, barci ya fara ƙaurace masa. In na tashi sallar asuba sai in tarar da fitilar ɗakinsa a kunne, shi kuma zaune a bakin katifa da kayan jiya a jikinsa. Daga nan ya bar cin abinci tare da mu, ya ce miyar ta sauya ɗanɗano, an sa wani abu a ciki. Ya samo kwalaye ya toshe tagarsa. Wata rana ƙanwarsa ta je ɗaukar tukunya, ta tarar da wayarsa a ciki, an naɗe ta da tsumma an kifa murfi, wai don kada masu bibiyarsa su ji abin da yake faɗa.

Ita ce kuma ta ga ƙwayoyin a cikin takalminsa. Kobolo ake ce musu a nan. Tun wajen 2017 sunan ya cika jaridun Gabon da gidajen rediyo, saboda yadda ƙwayar ta kutsa makarantun sakandare, yara na jefa ta cikin lemun kwalba suna sha. Mu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tramol ɗin nan ne da 'yan kabu-kabu ke haɗiya a Maraɗi, leburori ke haɗiya a Kano, maganin ciwo mai ƙarfi da aka mayar abin maye. Daga baya likita ya bayyana mini cewa ƙwaya da wiwi suna iya tayar da cutar ko su rura ta, amma sau da yawa matashin da ya fara jin kansa ba daidai ba shi ke nemansu don ya samu sauƙi. Ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin mutum ya cika shekara 25, wato daidai lokacin da iyaye ke cewa sun gama wahalar reno.

A ƙarshen Satumba abin ya fashe. Cikin dare ya buɗe ƙofa ya fita ba takalmi, ya miƙe babban titin da ke zuwa Owendo, yana tafiya a tsakiyar kwalta, manyan motocin da ke jigilar kaya daga tashar jiragen ruwa suna danna masa oda suna kaucewa. Mu muna can muna haska lungunan kasuwar Lalala da tocila, ashe wata maƙwabciyarmu, dattijuwa 'yar ƙabilar Fang mai sayar da rogo da gasasshen kifi a bakin hanya, ta hango shi tana cikin kwashe kayanta. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta kira 'yan sanda ba. Ta bi shi, ta kama hannunsa, ta ce masa da Faransanci, "Ɗana, zo ka raka ni gida, kayan nan sun fi ƙarfina." Ya ɗauki kwandonta a ka, ya biyo ta har ƙofar gidanmu. Har gobe in na gan ta sai na rusuna.

Washegari bayan isha'i dattawan zumunci suka taru a falona. Yayana, wanda shi ya kawo ni Gabon ina saurayi, ya shigo da baƙar leda ya ajiye a gefen tabarma. Ƙarar da ta yi da ta taɓa siminti ta gaya mini abin da ke ciki: sabuwar sarƙa da kwaɗo biyu.

"Ka ga, ƙanena," ya ce, "mu baƙi ne a ƙasar nan. In ya fasa gilashin motar wani, ko ya taɓa ɗan wani, ba shi kaɗai za a kama ba, har takardun zamanmu sai an tono. A ɗaure shi na ɗan lokaci, mu haɗa kuɗin jirgi a mai da shi gida wurin malamai."

Ba mugunta ta sa shi faɗin haka ba. Shi ya yanka ragon sunan yaron, yana son sa kamar ɗan cikinsa. Tsoro ne, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar wani da takarda a aljihu ya san tsoron yana da dalili. Wani dattijo ya ambaci Melen, inda cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa take, can hanyar fita gari ta Ntoum. Falon ya yi tsit. A Libreville in aka ce an kai wane Melen, kowa ya gane, kamar yadda Bakano ke ganewa in aka ce Dawanau, ko mutumin Sakkwato in aka ce Kware. Tsoron suna ne kawai, don a cikinmu babu wanda ya taɓa taka wurin. Sai wani ya kawo maganar ƙannensa mata: wa zai aure su in magana ta fita?

A daidai waɗancan kwanaki sassan Hausa na gidajen rediyon waje ba su da labarin da ya wuce na Rigasa, inda 'yan sanda suka fasa wani gida a Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kuɗinsu, don a gyara musu hali ko a raba su da ƙwaya. Bayan 'yan makonni aka sake fasa irinsa a Daura. Matata Hajiya, uwar yaron, rediyonta ba ya mutuwa a madafa, ta ji labarin Rigasa. Sai muka ji muryarta daga bayan labule.

"Yaya, a gafarce ni, ban saba sa baki cikin maganar maza ba. Amma sarƙar nan ba za ta kwana a gidan nan ba. Kowa ya ji abin da aka fito da shi a Kaduna."

Yayana ya ɗauki ledarsa bai ce uffan ba. Sai da aka yi watanni kafin ya sake taka gidana, amma ya dawo, kuma daga baya ya zama cikin masu raka yaron.

Wanda ya nuna mana hanya Bahaushe ne ɗan ƙasa. Akwai su a Gabon, waɗanda kakanninsu suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Oyem da Bitam da Minvoul tun zamanin Turawa. Wannan majo ne, ya daɗe yana aikin jinya, muna haɗuwa da shi a sallar Juma'a a masallacin Hassan II. Shi ya kai mu wurin wani likitan ƙwaƙwalwa da ke duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Aka kwantar da yaron, aka yi masa allura, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ƙwayar ma ba a yanke masa ita rana ɗaya ba, don tramol in an daina shi kwatsam jiki na birkicewa da zufa da makyarkyata da ciwon gaɓoɓi. A hankali aka janye shi.

Da ya fara dawowa cikin hayyacinsa aka ce za a sallame mu, sai tsoro ya kama ni fiye da ranar da muka kawo shi. Na yi lissafin abin da ke jiranmu. Takardar magani ce a hannu, da ranar da za a dawo a ga likita. Tsakanin nan da can fa? Ni ina kasuwa daga hantsi har magariba. Uwarsa na fama da girki da ƙannensa. Shi kuma zai koma ɗakin nan da abin ya soma, shi da bango, ga masu sayar da kobolo a bayan layinmu sun san hanyar tagarsa. Na roƙi likita ya ƙara riƙe shi, ko nawa ne zan nemo.

Likitan ɗan Gabon ne, a Dakar ya yi karatun ƙwarewarsa, kuma Papa yake ce mini kamar yadda ake ce wa dattijo a nan. Ya ce, "Papa, in ƙafa ta karye aka yi ɗori, ba a barin mutum a kwance har abada, ba a kuma cewa ya tashi ya yi gudu. Ana riƙe shi ne ya dinga takawa. Ɗanka ya wuce matakin gado, bai kai matakin a sake shi ba." Ya ce abin da ya dace da shi shi ne asibitin wuni: mara lafiya ya zo da safe, ya wuni a hannun ma'aikata, a ba shi magani a gabansu, a yi zaman tattaunawa shi kaɗai da kuma cikin rukuni, a ci abinci tare, a yi wani aikin hannu, da la'asar ya koma gida ya kwana cikin danginsa. A Faransa abu ne sananne. A Amurka ma hawa biyu suke yi masa: mai nauyi, wanda ke cin kamar awa 20 a mako cikin kwana biyar, da mai sauƙi, wanda ba ya gaza awa 9 a mako, ga wanda ya fara komawa makaranta ko aiki.

Na ce masa ai wannan na ƙasashen masu kuɗi ne. Ya girgiza kai. Ya ce gaskiya ne a Mosko aka fara shi a farkon shekarun 1930, sannan Montreal da Landan bayan yaƙin duniya na biyu, amma wanda ya fi burge duniya a Najeriya aka yi shi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. Mara lafiya zai zo da wani nasa, uwa ko 'yar uwa ko gwaggo, su kama ɗaki a gidan wani a ƙauyen. Da safe ya je asibiti a yi masa magani, da yamma ya dawo ya ci tuwon da nasa ya dafa, ya zauna a dandali cikin mutane. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo wasunsu ya yi aiki da su. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A asibitin Fann na Dakar kuma, inda Henri Collomb ya kama aiki a 1959, an mayar da shi ƙa'ida mara lafiya ya zauna da ɗan rakiya daga danginsa, a kuma riƙa taruwa a tsakar gida, likitoci da majinyata da dangi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ya ce, "Ka ga, Papa, ba aro za mu yi daga Turai ba."

Irin wannan wuri a shirye, mai ƙofa da allo, ban same shi a inda hannuna ke kaiwa ba. Sai muka ɗinka namu, likita na yanka muna haɗawa.

Wasu safiyoyi na mako yana asibitin nan. Majo ya auna shi, ya ba shi maganinsa ya haɗiye a gabansa, sannan ya shiga wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam su yi kamar awa guda. Akwai wasu matasa 'yan kaɗan masu irin larurarsa da take haɗa su a zama ɗaya, 'yan Gabon da ɗan Kamaru da wata yarinya 'yar Benin. Da farko na ƙi wannan a raina, ina ganin mai ciwo me zai ƙara wa mai ciwo. Amma a can ne ya fara jin wani na faɗin abin da shi ya ɗauka shi kaɗai ke ji, har ya dawo gida ya ce wa ƙanwarsa, "Ashe muryoyin nan ba ni kaɗai suke wa magana ba." Daga ranar ya fara kiransu ciwo. Sauran safiyoyin da duk bayan azahar yana shagon wani tela abokina, mutumin Damagaram, a nan Lalala. Ba albashi, ba tilas. Ya fara da warware zare da sa maɓalli, hannunsa na rawa saboda magani, telan kuma bai taɓa ce masa ya yi sauri ba. Da la'asar sakaliya kawunsa, ƙanen Hajiya, ya zo ya ɗauke shi su taka a ƙafa, wani lokaci har bakin teku, don jiki ya gaji barci ya zo. Magariba da isha'i muna tare a masallacin unguwa. Ƙa'idojin likita biyu ne: kada a wayi gari yaron bai san inda za shi ba, kuma kada a samu awa biyu a jere da ba wanda ya san inda yake.

Likita ya ba mu aikin rubutu. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ta iya ajami, sai ta sayi kaye irin na 'yan makaranta. Kowace safiya ta rubuta ƙarfe nawa fitilarsa ta mutu, ƙarfe nawa ya tashi, ya ci ko bai ci ba, ya yi wanka da kansa ko sai da aka ce, ya yi dariya shi kaɗai ko bai yi ba. Daren da za a je asibiti ƙanwarsa ta zauna kusa da ita ta juya shi zuwa Faransanci a shafin da ke kallonsa. Likitan kan buɗe kayen nan kafin ya ɗaga kai ya dube mu. Da shi ya gane cewa in barcin yaron ya ragu dare biyu a jere, a na uku zargi ke dawowa, sai ya koya mana mu kira shi tun a dare na biyu.

Kayen nan ne kuma ya cece mu ranar da wuyansa ya murɗe. Muna cin abincin dare sai kansa ya karkace gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshe ya yi masa nauyi. Maƙwabta suka cika gidan, masu cewa aljanin ne ya motsa, masu neman a kawo hayaƙi. Hajiya ta buɗe bangon kayen, inda likita ya sa aka rubuta tun ranar farko cewa maganin haloperidol na iya kawo haka, musamman ga samari, kuma yana da makari. Muka kira majo, ya zo ya yi masa allura, kafin a kwashe kwanuka wuyan ya saki. Bayan haka likita ya sauya masa magani zuwa risperidone. Na san gidajen da a irin wannan dare aka zubar da magani a masai, aka ce na Bature ya ƙara haukata yaro, alhali gargaɗi ne kawai ba a yi musu ba.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne zaman iyali. Kowane mako sai mun je mu uku, ni da shi da uwarsa, kuma likita ya ce in ban rufe shago na zo ba, shi ma ba zai zauna ba. A zaman farko ya tambayi yaron me ya fi damunsa a gida. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In Baba ya shigo ya ce, 'Har yanzu kana kwance? Sa'o'inka na can suna neman na kansu,' sai in ji gara ban farka ba." Maganar da kowane uba Bahaushe ke faɗa ce, da ita aka tashe mu. Likitan ya ce tun a shekarun 1960 wani mai bincike a Landan, George Brown, ya gano cewa majinyatan da suka koma gidan da ake yawan yi musu faɗa da gori, ko ake shaƙe su da kulawa fiye da kima, sun fi saurin komawa asibiti. Ya ce nauyin jiki da rashin kuzarin nan daga cutar ne da magani, ba lalaci ba ne. Ya koya mini in faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya, a taƙaice, in kuma bar musu da shi a kan abin da yake gani ko ji. Kada in ce ƙarya ne, kada in ce gaskiya ne, in ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya tsorata ka."

Ita kuwa Hajiya, nata ya fi nawa. Ɗan fari ne, kuma a tarbiyyar da aka yi mata uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna so a gaban mutane. Tun yana jariri kakarsa ce mai ɗaukarsa. Matar da ta yi wa dattawa magana daga bayan labule ta kori sarƙa ba ta taɓa haɗa ido da shi na minti guda ba. Da likita ya fahimci haka bai raina al'adar ba, ya dai ce yaron a halin da yake ciki yana fassara shirun nan da cewa an tsane shi. Ta yi kwanaki tana juya maganar. Ran nan na dawo daga kasuwa na tarar da su biyu a tsakar gida, kwano ɗaya a tsakaninsu, tana tsame masa kifi tana cire ƙaya, tana ba shi labarin yadda aka yi goyonsa. Matan zumunci sun yi ta tsegumi, ta ce kunyar da za ta ci mata ɗa ta yafe ta.

Addu'a ba mu bar ta ba ko kwana ɗaya. Limamin unguwarmu kan zo ya yi masa ruƙiyya, ya tofa a ruwa ya sha, kuma shi da bakinsa ya gaya wa dattawa cewa neman magani umarni ne, wanda ya hana yaron ƙwayar likita ya ɗauki alhaki. Sharaɗin likita shi ne babu duka, babu ɗauri, babu hana abinci, babu jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Wani abokin ciniki ɗan ƙasa, da kyakkyawar niyya, ya ba ni shawarar a kai shi wurin masu Bwiti a ba shi iboga, saiwar nan da suke ci a bukukuwansu, wai tana raba mutum da ƙwaya. Likita ya ce sam, iboga na iya birkita bugun zuciya, kuma mai jin muryoyi ba a ƙara masa abin da ke sa gane-gane.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka wunin nan na maye gurbin kwanciya asibiti a kowane hali. Da a daren Owendo aka ce mu riƙe shi a gida, da ganganci ne. Likita ya sa mun haddace alamun da in an gansu ba a jiran safiya: in ya fara maganar kashe kansa ko yin bankwana da mutane, in muryoyin sun fara ba shi umarni, in ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, in ya ɗauki makami, in ya suma ko ya yi farfaɗiya. Mun kwashe wuƙaƙe da fiya-fiya da ragowar magunguna mun kulle a akwati. Kuma ya ce in tambayi yaron kai tsaye ko yana tunanin mutuwa, don tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Na tambaye shi. Ya ce yana yi a da, yanzu ya ragu. Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba, amma gara da na ji ta.

Sai kuɗi. Gabon na da asusun inshorar lafiya, CNAMGS, tun 2007, amma ni ɗan kasuwa baƙo daga aljihu nake biya: kuɗin ganin likita, kuɗin zama da masaniyar, magani, takasi zuwa da dawowa. 'Yan adashinmu na kasuwa suka ba ni ɗauka tun kafin layi ya zo kaina, ba wanda ya tambaye ni dalili ko da yake kowa ya sani. Duk da haka, abin da muke kashewa a wata bai kai na kwanciyar mako biyu a gadon asibitin kuɗi ba. Na kan tuna da mai gadi ko mai tura baro da irin wannan ta faɗa wa ɗansa. Shi wa zai yanka masa tsari, wa zai ba shi adashi? A nan ne sarƙa ke samun kasuwa, don ita sau ɗaya ake sayenta.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Libreville da kewayenta saboda korona. Shagon tela ya rufe, masallatai suka rufe, zaman rukuni ya tsaya. Cikin 'yan makonni fitilar ɗakinsa ta koma kwana a kunne, ya fara duban taga. Maganin bai sauya ba, wunin ne ya rushe, kuma a nan na tabbatar da cewa rabin lafiyarsa a cikin tsarin nan take. Telan ya aiko da tsohon kekensa na ɗinki a baro, yaron ya zauna a tsakar gida yana ɗinka takunkumin rufe hanci muna raba wa maƙwabta. Masaniyar na kiransa a waya a ranakun da ya saba zuwa, a kan lokacin da ya saba. Likita ya ɗan ƙara magani na wani lokaci. Bai koma gadon asibiti ba.

Yau yana da shagon ɗinkinsa. Jami'a bai koma ba, wannan kuwa yana yi masa ciwo, ni ma yana yi mini. Yana shan maganinsa, yana ganin likita lokaci-lokaci, akwai watannin da yake yin nauyi, akwai waɗanda ba ka bambanta shi da kowa. Ƙanwarsa mai juya ajami ta yi aure, kuma mun gaya wa dangin mijin komai tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa.

A Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin a yaba ne, amma ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su fi 'yan ɗaruruwa ba, kuma gadajen asibitocin Dawanau da Kware da Barnawa, ko na sashen masu taɓin hankali a babban asibitin Yamai, ba za su taɓa isar kowa ba. Asibitin wuni ba ya buƙatar gado ko ma'aikatan dare. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, da majo da ya samu horo, da likitan da zai leƙo, da tukunyar abinci, da mai koyar da sana'a. Ƙungiyoyinmu na zumunci a Libreville suna tara kuɗin mai da gawa gida cikin kwana biyu. Ina roƙonsu su ware wani abu don hayar irin wannan wuri, su je su zauna da likitocin ƙasar nan a tsara shi tare, a buɗe shi ga ɗan kowa, baƙo da ɗan ƙasa.

Kai kuma uba, ke kuma uwa, in ɗanku ya yi kwanaki ba barci, ya fara zargin abinci ko toshe taga, ku kai shi wurin likita a makon, ku ci gaba da addu'arku a hanya. Ranar da za a sallame ku kada ku karɓi takardar magani kawai ku fito. Ku zauna ku tambayi likita inda yaron zai wuni gobe, da wa, yana yin me, da lambar da za ku kira in dare ya yi.